Tsadar aisi ba ita ke gyara sautin hedifon ba

Makon jiya ɗan ƙanwata ya shigo shagona da gwangwanin alewa a hannu, ransa a ɓace. Yana aji biyu a kwalejin fasaha, kuma tun yana firamare yake zama gefena idan ina gyaran rediyo. A cikin gwangwanin ya haɗa 'yar ƙaramar amfilifaya ta hedifon, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai aiki da batir ɗaya na bolt 9.

"Kawu, don Allah duba mini abin nan. Na sa masa aisi mai tsada, amma shuuu kawai yake yi, kuma da ganga ta buga sai sautin ya dagule."

Na buɗe na duba. Sodarsa tsaf, babu inda dalma ta haɗe ƙafa biyu. A bayan aisin, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da ake rubutawa IC, an rubuta OPA2134, kuma ya ce abin da ya biya a kansa ya fi kuɗin sauran kayan duka in an tara su. Na sa mita na auna wutar da aisin yake sha shi kaɗai. OPA2134 na gaske yana shan kusan mili-amfiya 8 (ma'aunin yawan wutar da abu ke ja ke nan) ko da ba a ba shi aikin komai ba. Wannan ko ɗaya bai cika ba. Na jiƙa auduga da tina na goga bayansa, rubutun ya bi audugar.

Jabu ne. Duk mai taɓa kayan wuta ya saba da jabu, don haka ba shi ne ya fi ɓata mini rai ba. Abin da ya dame ni shi ne tunanin da ya tura yaron ya kwashe kuɗinsa: an cusa masa cewa daɗin sauti yana cikin farashin aisi, in ka sa mai araha ka yi wahalar banza.

Ni ban yarda da wannan ba. Ga amfilifayar hedifon da mutum zai haɗa da hannunsa, aisin da bai kai dala ɗaya ba, ko ya ɗan haura ta kaɗan, ya wadatar. Sharaɗin biyu ne: ya zama na asali, kuma ya dace da hedifon ɗin da batirin da za a haɗa shi da su. Kuɗin da ya rage a kai shi inda kunne zai ji shi.

Me ake nema daga aisin?

Irin aisin da muke magana a kai shi ne wanda masu sana'a ke kira ofam. Ƙafa takwas gare shi, da amfilifaya biyu a cikinsa, ɗaya ta kunnen dama ɗaya ta hagu. Zanen da yaron ya bi kuwa tsoho ne. Wani mai suna Chu Moy ne ya wallafa shi a ƙarshen shekarun 1990, mutane suka laƙaba masa suna CMoy, suka riƙa sa shi a gwangwanin alewar Altoids. Ofam ɗaya, rasista 'yan kaɗan masu rage gudun wuta, kafasita mai tara wuta, batir, shi ke nan.

Asalin ofam ba don tuƙa hedifon aka ƙera shi ba. Aikinsa shi ne ya ɗaga sigina ya miƙa wa wani ɓangaren da ba ya jan wuta sosai. Hedifon kuwa jan wuta yake yi, kuma nan ne yawancin masu haɗawa suke faɗuwa.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Yawancin hedifon da iyafis da ke hannun mutanenmu om 16 ne zuwa 32; om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta, mai om kaɗan ya fi jan ta. In kana son bolt 1 ya sauka a kan hedifon mai om 32, dole aisin ya ba da mili-amfiya 31, kuma a ƙololuwar bugun ganga abin ya kai 44. Amma hedifon mai om 300, irin Sennheiser HD 600, ko ka ba shi bolt 2 bai ja mili-amfiya 7 cikakku ba. Na farko wuta yake nema da yawa, na biyu bolt yake nema.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya yi rabin zaɓensa. Tambayar da za ka yi wa aisi ita ce, nawa za ka iya bayarwa kafin ka shaƙe? Farashinsa ba ya amsa wannan tambayar.

Masu arahar da na yarda da su

Na farko a wurina NJM4556 ne, wanda wasu ke kira JRC4556, kamfanin New Japan Radio na ƙasar Japan ne ya fitar da shi. Kamfanin ya rubuta cewa yana iya ba da mili-amfiya 70, kuma yana aiki ko da wutar ta sauka zuwa bolt 2 kowane gefe (gida biyu ake raba wa ofam wuta, gefen sama da na ƙasa). Babu wanda yake yi masa kirari, amma in ka buɗe tsofaffin na'urorin CD da na'urorin haɗa sauti za ka yi ta samunsa zaune kusa da ramin hedifon. Injiniyoyin da suka sa shi a wurin sun san dalili.

Kamfanin Grado na Amurka ya taɓa sayar da wata amfilifaya mai suna RA-1 a cikin akwatin katako, a kan ɗaruruwan daloli. Waɗanda suka buɗe ta NJM4556 suka tarar a ciki. A shekarar 2011 kuma wani injiniya da ya ɓoye sunansa, ake kiransa NwAvGuy, ya fitar da zanen amfilifaya mai suna O2. Ya sa NJM2068 ya ɗaga siginar, ya sa NJM4556 guda biyu su tuƙa hedifon, duka masu araha, sannan ya wallafa sakamakon awon da ya yi da na'ura. Har yau ana haɗa O2 ana jin daɗinta.

Na biyu NE5532 ne, wanda kamfanin Signetics ya fitar a 1979. Ƙarar shuuu ɗinsa kaɗan ce ƙwarai, kuma an gina shi ya tuƙa kaya mai om 600 ba tare da ya gaji ba. In hedifon ɗinka mai om da yawa ne kuma kana da wadatacciyar wuta, da wuya ka buƙaci wani abu sama da shi.

Sai dai yana da sharuɗɗansa, kuma ba zan ɓoye su don kare ra'ayina ba. Kamfanin Texas Instruments ya rubuta cewa a ba shi aƙalla bolt 5 kowane gefe. Batir ɗaya na bolt 9 in an raba shi biyu huɗu da rabi ne, kuma kullum raguwa yake yi. Saboda haka NE5532 batir biyu yake so.

Sharaɗi na biyu ya fi haɗari. Ƙafafun shigarsa suna jan 'yar wuta, kusan nano-amfiya 200. A zanen CMoy akwai rasista mai kilo-om 100 a bakin shiga, kuma zanen yana ninka sigina sau 11. Wannan 'yar wutar in ta bi ta rasistan sai ta zama mili-bolt 20, a ninka sau 11, ka samu kusan mili-bolt 220 na tsayayyar wuta zaune a kan hedifon ɗinka ko babu waƙa. Wannan yana iya lalata ƙaramin iyafis. Mutum ya cire OPA2134 ya cusa NE5532 haka kawai, ya ji "ɗas" a kunne, sai ya ce ai mai araha ba shi da kyau. Laifin na rasistan ne da ba a canza ba.

Masu arahar da ban yarda da su ba

Ba kowane mai araha nake karewa ba. LM358 yana ko'ina a kasuwa, kuma yana da amfani a caja da na'urorin awo, amma a sauti yana da aibi sananne: duk lokacin da sigina ta tsallaka daga sama zuwa ƙasa sai ya ɗan yi tuntuɓe, sautin ya fito da ƙaiƙayi. Ina kyautata zaton shi ne a cikin jabun yaron, in aka duba ƙarancin wutar da yake sha.

Shi ma 741, wanda Fairchild ta fitar tun 1968, a bar shi a ajin koyo. TL072 yana da kyau a gaban layi, inda ba a jan wuta, amma in ka ɗora masa om 32 sai ya durƙusa. LM386 kuwa ba ofam ba ne ma, na ƙaramar sifika ne, kuma a iyafis shuuu ɗinsa ba ta ɓoyuwa.

"Ai araha ba ta ado"

Wannan ita ce magana ta farko da ake jefo mini, kuma masu ita sukan zo da takardar bayanan kamfani a hannu. Ga LM4562, in ji su, gurɓatar sautinsa kashi 0.00003 ne cikin ɗari. Ga OPA2134, kashi 0.00008. Me zai haɗa su da aisin 1979?

Lambobin gaskiya ne. Amma a karanta ƙananan rubutun da ke gefensu. An auna na LM4562 da kaya mai om 600, na OPA2134 da mai om 2,000. Babu wanda aka auna da iyafis mai om 32 da batir da ya fara mutuwa. In ka ɗora musu wannan nauyin, sifilan nan zubewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, kuma NJM4556 mai araha yakan fi su tsayuwa da ƙafarsa.

Sannan hedifon ɗin kansa yana gurɓata sauti. Sau da yawa abin yakan kai kashi 0.1 cikin ɗari ko fiye, musamman a bes. To mene ne amfanin ka biya kuɗi don rage gurɓata daga kashi 0.001 zuwa 0.0001, alhali abin da ke manne a kunnenka yana ƙara maka ninki ɗari na wannan? Kamar mai tace ruwa sau bakwai ne ya zuba shi a randar da ba a wanke ba.

Akwai kuma abin da masu wannan magana ba su cika tunawa ba. Shekaru da dama NE5532 ne ya cika na'urorin haɗa sauti a situdiyo da gidajen rediyo. Waƙoƙi da karatu da yawa da kake son ji sun riga sun ratsa ta cikinsa, ba sau ɗaya ba, kafin su iso wayarka. In da yana ɓata sauti, da tuni ya ɓata shi, kuma babu aisi mai tsada a gwangwaninka da zai dawo da abin da aka rasa.

"Amma na ji bambancin da kunnena"

Wannan ta fi ƙarfi, kuma ba na ƙaryata mai faɗinta. Mutane sukan sa soket a bodi su riƙa cire aisi suna sa wani, kuma sau da yawa sukan ji sauti ya canza. Abin tambaya shi ne me ya canza shi.

Wani lokaci tsohon aisin shaƙewa yake yi don ba shi da wutar da hedifon ke nema, sabon kuma yana da ita. Wannan bambanci ne na gaske, amma na ƙarfin bayarwa ne, kuma mai araha ma yana iya kawo shi.

Wani lokacin kuma abin juyawa yake yi. Masu tsada da yawa suna da sauri ƙwarai. LM4562 yana iya aiki har megahaz 55. In ka sa shi a bodi mai dogayen wayoyi, babu ƙaramin kafasita kusa da ƙafafun wutarsa, sai ya fara kaɗawa shi kaɗai a wani saurin da kunne ba ya ji. Aisin ya yi zafi, batir ya ƙare da wuri, sautin ya yi kaifi. Mai shi ya ce ya ji "ƙarin haske" a waƙar, alhali amfilifayarsa ce ba ta da lafiya. Na taɓa taɓa irin wannan aisin da yatsa sai da na janye hannu, mai shi kuwa yana ta yabon sautin.

Sai kuma zuciya. Wanda ya tara kuɗi wata biyu ya sayi abu, ya jira shi ya iso, yana son ya ji bambanci, kuma zai ji. Wannan ba wauta ba ce, haka ɗan Adam yake. Ƙarin ƙara kaɗan ma yakan sa waƙa ta zama kamar ta fi daɗi.

Gwajin da nake ba kowa shawara mai sauƙi ne. A haɗa bodi biyu iri ɗaya, ɗaya da mai tsada ɗaya da mai araha. A sa sauti mai tsayi ɗaya, a auna da mita har bolt ɗin fitarsu ya zo daidai. Sannan wani ya riƙa sauya maka su ta bayanka ba tare da ka san wanne ne ba, sau goma ko fiye, kana faɗa yana rubutawa. In ka gane mai tsadar kusan kowane karo, to ka saye shi, kuɗinka bai tafi a banza ba. Na yi wannan da mutane a shago, kuma yawancinsu bayan zagaye na huɗu sai su fara murmushi suna cewa a sake.

Inda zan ba su gaskiya

OPA2134 na asali aisi ne mai kyau, kuma akwai dalilin da ya sa ya zama abokin CMoy. Ƙafafun shigarsa kusan ba sa jan wuta, don haka rasistan kilo-om 100 ba ya haifar da matsalar da na faɗa. Yana aiki daga bolt 2.5 kowane gefe, batir ɗaya ya ishe shi. Wanda yake son ya bi zanen yadda yake, bai taɓa ko rasista ɗaya ba, kuma hedifon ɗinsa ba mai jan wuta ba ne, daloli kaɗan da zai biya a kansa ba asara ba ce.

Amma daga nan abin ya fara wuce hankali. OPA627 ya haura dala 20 guda ɗaya, kuma amfilifaya ɗaya ce a cikinsa, sai ka sayi biyu. An ƙera shi don aikin awo mai tsananin daidaito. A sa shi a gwangwani da batir mai bolt 9 da rasista biyu masu raba wuta, ɓarnar kuɗi ce kawai. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuwa, duk abin da aka yi wa farashi da dala ya zama abin da ɗalibi zai yi tunani sau biyu a kansa.

"To masu arahar ma ai akwai jabunsu"

Akwai. Har NE5532 ana yin jabunsa. Sai dai mai yin jabu riba yake bi, kuma ribar goge LM358 a rubuta OPA2134 ko OPA627 ta fi ta rubuta 4556 nesa ba kusa ba. Duk inda ka ga ana sayar da aisi mai babban suna guda goma a farashin da bai kai na ɗaya ba a wurin dillalan kamfanin, ka san akwai magana. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In kuma mai arahar ya zo jabu, abin da ka rasa kaɗan ne, ka jefar ka nemi wani.

Mu nan muna da wata hanya da na fi amincewa da ita. A wurin masu kayan kwance, irin Panteka a Kaduna ko wajen masu gyara a Sabon Gari a Kano, akwai matattun na'urorin CD, na DVD, da na haɗa sauti jibge. Abin da ya kashe su yawanci wutar lantarki ce ko injin juya faifai, ofam ɗin da ke ciki lafiyarsa ƙalau. Kamfanin da ya ƙera na'urar daga hannun masu aisin ya sayo shi. In ka iya cire shi a hankali ba ka dafa shi da zafi ba, ka samu na asali a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. NJM4556, NJM4580, NE5532, duk na sha cirowa daga irin waɗannan bodin.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Raunin CMoy na gaske yana wajen wuta. Rasista biyu masu kilo-om 4.7 ne suke raba batir gida biyu, kuma in hedifon mai om 32 ya ja wuta sai tsakiyar ta karkace, gefe ɗaya ya yi ƙasa. Batir biyu suna magance wannan gaba ɗaya, ko ɗan aisin nan TLE2426 da aka yi don wannan aikin. Kafasita mai nanofarad 100 a manne da ƙafa ta 8, wani a ƙafa ta 4, wato ƙafafun wutar aisin, kuɗinsu bai kai na ruwan leda biyu ba, amma sun fi canza aisi tasiri.

Ninkin sau 11 ma ya yi yawa ga hedifon ɗin yau. Shi ne yake ɗaga shuuu, shi ne yake sa ka ɗan murɗa boliyom kaɗan ƙara ta cika kunne, kuma a ƙasan nan ne kunnen dama da na hagu ba sa zuwa daidai. Ninki 2 ko 3 ya isa. Yana kuma kare kunne, wanda ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar disibel 80, kuma iyafis da amfilifaya mai ninki 11 suna wuce wannan ba tare da mutum ya ankara ba.

Bayan waɗannan, sauran kuɗin na hedifon ne. Bambancin hedifon biyu kowa yana jinsa daga sakan na farko, ba sai an rufe masa ido ba.

Yaron bai tafi ba sai bayan la'asar. Na ɗauko bodin wata matacciyar na'urar CD daga ƙarƙashin tebur, na nuna masa 4556 kusa da ramin hedifon, na ce ya cire da kansa. Muka sauke rasistan bakin shiga daga kilo-om 100 zuwa 10. Ya tashi zai kunna na tsayar da shi, na ce ya lissafa abin da kafasitan shiga mai maikirofarad 0.1 zai yi da sabon rasistan. Ya yi shiru yana danna waya, sannan ya ɗago.

"Kawu, zai yanke duk abin da ke ƙasa da haz 160. Bes ɗin zai tafi."

Muka sa mai 2.2, muka mayar da ninkin 3, muka manna ƙananan kafasita biyun a ƙafafun wuta. Kafin ya sa hedifon na sa ya auna bakin fita da mita, tsayayyar wutar ba ta wuce mili-bolt biyu ba. Ya sa a kunne ya kunna karatun da yake ji kullum, sannan ya koma waƙa mai ganga, ya daɗe bai ce komai ba.

Da zai tafi ya tambaye ni ko akwai wani mataccen bodin da zan ba shi, abokinsa ma yana shirin yin odar aisi.